Yadda gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma za su rage aikata laifi a unguwanni

Idan sata da ƙwace suka addabi gari, abin da hukumomi suka fi saurin yi shi ne sayen motocin sintiri a raba wa mazaɓu daidai wa daida, don kada wani ɓangare ya ce an manta da shi. Niyyar mai kyau ce, amma rabon daidai shi ne kuskuren farko, domin laifi taruwa yake yi a 'yan wurare ƙalilan, cikin sa'o'i sanannu, a hannun mutane 'yan kaɗan. A birnin Minneapolis na Amurka an bi diddigin kiran da jama'a suka yi wa 'yan sanda na shekara guda, sai aka tarar rabin kiran daga kimanin kashi 3 cikin 100 na adireshin garin ya fito. A birnin Seattle na Amurka kuma, daga 1989 zuwa 2002, kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na layukan birnin ne ke ɗauke da rabin laifukan da aka rubuta, kuma galibi layukan nan dai ne shekara da shekaru. Duk wanda ke riƙe da kasafin tsaro, gwamna ne ko shugaban ƙaramar hukuma, aikinsa na farko shi ne ya gano waɗannan wurare.

A fara da taswira kafin a fitar da kuɗi

A tattaro rahotannin laifi na wata 12 zuwa 24 da suka wuce. Na wata biyu ko uku ba za su wadatar ba, saboda rikici guda ɗaya zai iya sa layin da ba shi da matsala ya bayyana kamar filin daga. Kowane rahoto a shigar da shi a layi ɗaya na takarda ko kwamfuta da abubuwa shida: irin laifin, rana, sa'a, takamaiman wuri, yadda aka aikata shi, da ko an taɓa yi wa wannan gida ko mutumin a baya. Wurin ne ya fi ba da wahala. Rubuta sunan unguwa kawai bai amfana komai ba, don unguwa guda tana iya samun layi 200. A karkasa kowane titi gaɓa-gaɓa, daga mahaɗa zuwa mahaɗa ta gaba, a ba kowace gaɓa lamba, sannan a ɗora rahoton a kanta.

Littafin ofishin 'yan sanda kaɗai ba zai nuna gaskiyar lamarin ba, domin mutane da yawa ba sa kai ƙara. A birnin Cardiff na Birtaniya, wani likitan tiyatar fuska, Jonathan Shepherd, ya lura cewa da yawa daga waɗanda ake kawo masa da rauni daga faɗa, 'yan sanda ba su da labarinsu. Daga nan aka tsara cewa sashen agajin gaggawa zai riƙa tambayar mai rauni inda abin ya faru, da wane lokaci, da wane makami, a cire suna, a miƙa wa hukumar birni da 'yan sanda. Da aka kwatanta Cardiff da biranen da suka yi kama da shi, kwantar da mutane a asibiti sakamakon faɗa ya ragu da kimanin kashi 42 cikin 100. Wannan aikin gwamnatin jiha ne a inda asibitoci ke hannunta, kuma tambayoyi uku ne kawai za a ƙara a fom ɗin karɓar majinyaci.

Idan taswira ta fito, a zaɓi gaɓoɓi 10 zuwa 20 da suka fi muni. Kada a wuce haka a zagayen farko. Sai a je kowacce da ƙafa, a daidai sa'ar da laifin ke faruwa. Wurin da ake ƙwace da ƙarfe 9 na dare, ziyarar ƙarfe 11 na safe ba za ta nuna komai ba. Masu zuwan su haɗa da jami'in 'yan sandan yankin, injiniyan ayyuka, jami'in tsaftar muhalli da mutum biyu ko uku daga mazauna layin, a ciki har da mace, don mata sun fi kowa sanin kwanar da ake kauce wa. Abin da ake nema shi ne tsagar da ke bangon: ta ina mai laifi ke zuwa, ina yake laɓewa, ta ina yake tserewa, kuma wa ya kamata ya sa ido a wurin amma bai sa ba.

Sa'a ma tana da taswirarta. Rodrigo Guerrero, likitan da ya zama magajin garin Kali a Kolombiya a 1992, ya sa an riƙa rubuta kowane kisa da lokacinsa, sai ya ga suna taruwa a ƙarshen mako da ranakun biyan albashi, kuma barasa na da hannu a ciki. Ya taƙaita lokacin sayar da ita, ya kuma hana yawo da bindiga a waɗannan ranaku. Garin Diadema na Barazil ya kafa dokar rufe mashaya da ƙarfe 11 na dare a 2002, kisan kai ya ragu sosai. Dokar lokacin rufewa da lasisin sana'a, a ƙasashe da dama, a teburin ƙaramar hukuma suke.

Wa zai yi me

Ikon 'yan sanda ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: wani wuri na tarayya ne, wani na jiha, wani na birni. Amma ko da shugaban ƙaramar hukuma ba zai iya ba ɗan sanda umarni ba, fitilun titi, kwashe shara, filaye, kasuwanni, tashoshin mota da lasisi suna hannunsa, kuma rabin maganin a nan yake. Jiha kuma ta riƙe abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma: kotuna, asibitoci, makarantun sakandare, cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, da tsarin tattara bayanai iri ɗaya ga dukkan ƙananan hukumomi. A kafa zama na awa ɗaya duk sati biyu, wanda bai wuce mutum goma ba, kowannensu mai ikon sa hannu ne a ma'aikatarsa. Kowace matattarar laifi, wato gaɓar da aka zaɓa, a ɗora ta a wuyan mutum ɗaya da sunansa, da ranar da zai kawo rahoto. Kwamiti mai mutum arba'in da wakilan wakilai, zama zai yi ta yi ba tare da an canja ƙwan fitila ko ɗaya ba.

Sintiri

Zagaya gari a mota ba tare da manufa ba an gwada shi a birnin Kansas na Amurka tsakanin 1972 da 1973. An ƙara sintiri a wasu yankuna ninki biyu zuwa uku, an janye shi a wasu, an bar wasu yadda suke, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan laifi. Abin da ke aiki shi ne tsayawa a matattarar. Binciken da masanin harkar laifi Christopher Koper ya yi a 1995 ya nuna tsayuwar minti 10 zuwa 15 ce ta fi barin tasiri bayan jami'ai sun tafi. Wucewa kawai ba ta yin komai, daɗewa fiye da haka kuma ba ta ƙara amfani. Don haka a tsara: jami'ai biyu, su sauka daga mota, su taka gaɓar daga farko zuwa ƙarshe, su gaisa da masu shaguna, su tafi, su dawo bayan kamar awa biyu. Lokacin dawowar kada ya zama sananne. Idan kullum ƙarfe 8 ne, cikin kwana uku ɓarawo zai mayar da aikinsa 8 da rabi. A ajiye littafin sa hannu a wani shago a layin, ko a yi amfani da na'urar nuna wuri ta waya, domin sintirin da ba a duba shi a takarda kawai yake ƙarewa.

Kada a mayar da tsayuwar nan kamen kan mai uwa da wabi. Tare kowane saurayi a caje shi yana cika ɗakin tsarewa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma iyayensu da 'yan'uwansu su ne shaidun da za a nema gobe.

Akwai tambayar da kowa ke yi: ba layin baya laifin zai koma ba? A yawancin gwaje-gwajen Amurka bai koma ba, har ma layukan maƙwabta kan samu sauƙi, saboda abin da ya sa wurin ya dace da laifi, kamar tasha ko mashaya ko kango, ba ya tashi ya bi mai laifin. Amma a Bogota, babban birnin Kolombiya, inda aka ninka sintiri a 2016 a cikin gwajin da ya shafi tituna kusan 2,000, an ga alamar satar dukiya ta matsa zuwa titunan kusa. Saboda haka tun ranar farko a riƙa ƙirga laifin layuka biyu da ke kewaye da kowace matattara.

Gyaran wurin kansa

A nan ƙaramar hukuma ta fi samun riba, kuma a nan aka fi yin asara ta hanyar kwangila marar kyau. A 2016 birnin New York ya kafa fitilu masu ƙarfi a rukunin gidajen gwamnati 40 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, aka kwatanta su da waɗanda ba a saka wa ba. Manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kimanin kashi 36 cikin 100. Sai dai fitila tana da ƙa'ida. Daidaiton haske ya fi ƙarfinsa muhimmanci: fitila mai kashe ido a nan, duhu a can, sannan wata fitilar, ya fi haɗari, domin idon mai tafiya ba ya saurin sabawa da duhun, mai laɓewa kuwa yana ganinsa sarai. Tazarar da ke tsakanin turaku kada ta wuce ninki uku zuwa huɗu na tsawon turken. Turke mai mita 6 ke nan a kafa shi duk mita 18 zuwa 24. Hasken ya sauka a kan hanyar masu ƙafa da bakin lungu, inda ake tare mutane, kada ya ƙare a tsakiyar kwalta. Ma'aunin da kowa zai iya yi shi ne: za ka gane fuskar mai tahowa daga nisan mita 10 zuwa 15?

Fitilar sola galibi ta batir take mutuwa. A rubuta a kwangila cewa batirin zai riƙe dare biyu zuwa uku ba tare da rana ba, a ɗora shi can sama inda hannu ba ya kaiwa, a ɗaure shi da noti na musamman. Ƙura tana rage hasken ranar da faifan sola ke zuƙa, don haka a sa wanda zai riƙa goge shi. Alamar batir ya gaza ita ce fitila ta kama da magariba ta mutu wajen ƙarfe 1 na dare, daidai lokacin da ake fasa shaguna, kuma mai duba aiki da ya zo da ƙarfe 8 zai rubuta cewa komai lafiya. A yi dubawa da ƙarfe 3 na dare. Kowane turke a rubuta masa lamba da fenti da lambar wayar kai rahoto, a ɗaure ɗan kwangila da gyara cikin awa 72, a kuma riƙe wani kaso na kuɗinsa har shekara biyu. Fitila 300 da ake gyarawa sun fi 1,000 da rabinsu za su mutu kafin shekara ta zagayo.

Sai kangaye da filayen da aka yi watsi da su. A birnin Filadelfiya na Amurka an yi gwaji da filaye 541. Abin da aka yi wa waɗanda aka gyara bai taka kara ya karya ba: kwashe shara, baje ƙasa, shuka ciyawa da 'yan itatuwa, kafa gajeren shingen katako, sannan a riƙa dawowa ana yanke ciyawar. A unguwannin talakawa harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen. Gajartar shingen da gangan ce: yana nuna wurin na da mai shi, amma bai tare ido ba. Doguwar katanga maɓoya take zama. Haka itatuwa: a sare rassan da ke ƙasa da mita 2, a rage shuke-shuke su tsaya ƙasa da mita 1. Ginin da aka bari ba a gama ba, a ba mai shi takardar wa'adin kwana 30 ya toshe ƙofofi da tagogi. Idan ya ƙi, hukuma ta toshe ta ɗora masa kuɗin. Wannan na buƙatar doka a rubuce tun kafin a fara, in ba haka ba ƙarar farko a kotu za ta tsayar da aikin.

Lungunan bayan gida da ɓarayi ke bi ana iya sa musu ƙofa mai makulli, a ba mazauna kawai. A Liverpool hakan ya rage fasa gidaje da kimanin kashi 37 cikin 100. Sharaɗi shi ne mazauna su yarda, kuma kada a toshe hanyar motar kashe gobara.

Kyamarar tsaro kuwa a yi hattara da ita, don ita 'yan kwangila suka fi tallatawa. Nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje na shekara 40 ya nuna ragin kimanin kashi 13 cikin 100 gaba ɗaya, kashi 37 a wuraren ajiye motoci, amma ba wani tasiri bayyananne a kan faɗa da sara. Tana amfani ne idan akwai mai kallo a lokacin da kuma wanda zai tura. In babu waɗannan, kuɗin sun fi amfani a fitila.

Gidan da aka shiga jiya

Gidan da aka fasa ya fi kowane gida haɗarin a sake fasa shi, musamman a makonnin farko, sai maƙwabtansa na kusa. Ɓarawo ya riga ya san hanya, ya kuma san za a sayi sabon kaya. A rukunin gidaje na Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, a ƙarshen shekarun 1980, an mai da hankali kan waɗanda aka riga aka yi wa sata: a gyara ƙofa da taga nan take, a cire mitar wuta ko gas da ake zuba wa tsabar kuɗi wadda ke jawo ɓarayi, a kuma roƙi gidaje shida ko bakwai na kewaye su sa ido. Cikin shekara uku fasa gidaje ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Ƙaramar hukuma na iya ajiye kafinta da mai walda guda biyu don wannan kawai, su isa gidan cikin awa 48.

A bi kuma kasuwar kayan satar. Masu sayen tsofaffin wayoyi da ƙarafa su yi rajista, su riƙe littafin da ke nuna wanda ya kawo kaya. Kowace waya na da lambar IMEI mai lambobi 15, wadda ke fitowa idan an danna *#06#. A koya wa jama'a su rubuta ta su ajiye.

'Yan ƙalilan da ke ɗaukar makami

A birnin Boston na Amurka, a tsakiyar shekarun 1990, an gano matasa kimanin 1,300 ne a ƙungiyoyin daba 61, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na matasan birnin, ke da alaƙa da aƙalla kashi 60 cikin 100 na kisan matasa. Daga 1996 aka riƙa kiran su zama gaba da gaba. 'Yan sanda da masu gabatar da ƙara su faɗa musu ƙarara cewa duk ƙungiyar da ta sake yin kisa, doka za ta hau kan dukkan 'ya'yanta ta kowace kafa da ta halatta. Shugabannin addini da dattawan unguwa su faɗa musu cewa al'umma ta gaji. Ma'aikatan jin daɗin jama'a kuma su miƙa tayin aiki, karatu ko magani ga mai son fita. Kisan matasa ya ragu da kimanin kashi 63 cikin 100. Inda tsarin ke rushewa shi ne saɓa alkawari. Idan aka yi gargaɗi aka yi kisa ba a ga komai ba, ko yaro ya ajiye wuƙa ya zo neman aikin da aka ce akwai ya tarar babu, zama na biyu ba wanda zai saurara. Kada a kira taron sai guraben suna hannu.

Jari kaɗai ba ya canja mutum. A Monrobiya ta Laberiya an yi gwaji da maza 999 masu rayuwar titi. Wasu an ba su dala 200, wasu horon sati 8 kan danne fushi, tsara gobe da canja yadda mutum ke kallon kansa, wasu duka biyun, wasu kuma ba a ba su komai ba. Tasirin kuɗi kaɗai ya gushe da wuri. Waɗanda suka samu horon sannan kuɗin suka biyo baya, har bayan shekara 10 sata da fashinsu sun yi ƙasa sosai da na waɗanda ba a ba komai ba. Horo ne farko, jari daga baya. A birnin Shikago na Amurka kuma, a 2012, aikin da aka sama wa ɗalibai a lokacin hutu na sati 8, awa 25 a mako, tare da babba mai kula da kowane rukuni, ya rage kama matasan da laifin tashin hankali da kashi 43 cikin 100 cikin wata 16. Abin da za a guje wa shi ne kai yara gidan yari don a tsorata su. Gwaje-gwaje sun nuna waɗanda aka kai sun fi aikata laifi daga baya.

'Yan sintirin unguwa da sirrin mai ba da labari

Inda hukuma za ta yi aiki da 'yan sintiri na sa-kai, a yi wa kowa rajista da hoto da masu tsaya masa biyu, a ba shi katin shaida, a koya masa iyakarsa: gani, kira, tsarewa idan doka ta yarda, da miƙa wanda ake zargi ga 'yan sanda nan take. Babu duka, babu ɗakin tsarewa, babu yanke tara. Alawus ya fito daga hukuma kai tsaye, don ranar da suka fara bi gida-gida suna karɓa da ƙarfi, an samu sabuwar daba mai kaki. A buɗe hanyar kai ƙorafi a kansu wadda ba ta bi ta hannun shugabansu ba.

Sunan mai ba da labari kada ya wuce jami'i ɗaya ko biyu. Mutum ɗaya aka tona aka sare shi, unguwar ta yi shiru na shekaru.

Yadda za a san ko ana ci gaba

Yawan kame ba ma'auni ba ne. Ana iya ninka shi a dare ɗaya. A ƙirga waɗanda aka cuta: gidajen da aka fasa, masu rauni a asibiti, gawarwaki. Wurin da aka zaɓa saboda ya yi muni ƙwarai yakan ɗan sauka da kansa ko ba a yi komai ba, don haka a ware wasu gaɓoɓi masu kama da su da ba a taɓa ba tukuna, a kwatanta bayan wata 6 da wata 12. Rahotanni na iya ƙaruwa a watannin farko saboda mutane sun fara yarda su kai ƙara. Don a bambance wannan da ƙaruwar laifi, a tambayi gidaje 100 zuwa 200 a yankin kafin a fara da kuma bayan shekara: an yi muku sata cikin wata shida da suka wuce, kun kai ƙara, kuna iya fita bayan isha'i? Masu tambayar kada su zama 'yan sanda ko ma'aikatan ofishin da ake auna aikinsa. Sakamakon a liƙa shi a sakatariya da kasuwa duk wata uku, mai daɗi da marar daɗi. Kuɗin gyaran fitila, yankan ciyawa da albashin mai shigar da bayanai kuma a ba su layinsu a kasafin kowace shekara, a kafa zaman sati biyun da dokar majalisa, yadda sabon shugaba zai tarar da su a matsayin wajibi ranar da ya karɓi ofis.